Kamfanin da Ya Tafi Gatar

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi sun yi gaskiya, sai dai ba su faɗa mana cewa wani ilimin da mari yake zuwa ba. Ni nawa a Madina na karɓe shi, kuma kalma ɗaya tak ce ta jawo mini.

Sunana Sama'ila, mutumin Funtuwa, sana'ata gyaran injinan masana'anta. Na shigo Saudiyya da takardar aiki ta wani kamfani da aka ce yana kula da injinan asibitoci, na kuma shigo da alkawari a wuyana. Matata Murja malama ce a wata firamaren kuɗi, aurenmu bai daɗe ba, na ce mata da zarar na zauna da gindina zan yi mata takardu ta biyo ni. Ba ta roƙe ni zinare ba, ba ta roƙe ni mota ba. Ita dai burinta ta zauna a Madina, ta riƙa sallah a Masallacin Annabi ba tare da ana ƙirga mata kwanaki ba. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama. Tun ina yaro bakina ya fi ƙarfina.

Wanda ya tarbe ni a filin jirgi wani siririn mutum ne mai yawan murmushi, mu'aƙƙibin kamfanin, wato mai yi musu zirga-zirgar takardu a ofisoshi. Ya kai ni wani ɗaki a unguwar Sih, na tarar da mutane kwance reras a kan katifu, 'yan Bangladash da 'yan Yaman da wani Bahabashe mai tari. Na tambaye shi yaushe zan fara aiki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bukra, in sha Allah." Gobe ke nan. Goben ta zo, ya ce bukra. Wata goben ta zo, ya ce bukra. Ban san lokacin da na raɗa masa suna Abu Bukra ba, har 'yan ɗakin suka kama, ranar da ya ji ma dariya ya yi ta yi.

Abu ɗaya ya yi mini na kirki, ya fitar mini da iƙama, katin zama a ƙasar. A jikinta an rubuta sana'ata: fanni, ƙwararren ma'aikaci. Wannan kalmar ita ce jarina, domin mai ita ake bari ya kawo iyalinsa. Wanda aka rubuta wa amil, wato lebura, sai dai ya riƙa ganin matarsa a waya. Kullum sai na zaro katin na duba kalmar, kamar wani zai goge ta ina barci.

Asibiti kuwa ko ƙofarsa ban gani ba. Yau a tura ni gyaran famfon wata gonar dabino, gobe janaretan wani ɗakin biki, jibi a manta da ni gaba ɗaya. Haka watanni suka yi ta shuɗewa. Sai wata rana wayar Abu Bukra ta daina shiga. Na taka har ofishin kamfanin, na tarar an sauke ƙofar ƙarfe, takardun tallan gidajen abinci sun taru a ƙarƙashinta. Ba a jima ba mai gidan da muke ciki ya zo ya ce kamfani bai sabunta haya ba, kowa ya kama gabansa. Ga shi iƙamata ta kusa ƙarewa, kuma babu mai sabunta ta sai kamfanin da ya kawo ni. In ta mutu a hannuna, ni da zancen kawo Murja sai dai a mafarki.

A lokacin ne ƙafafuna suka ƙi zama. In na zauna sai in ji kamar kujerar tana cizo na. In tashi daga Sih in nufi Harami, in yi sallah, in fito in kasa komawa, in miƙe kudu ban san inda za ni ba. Ina tafe ina latsa lambar Abu Bukra, wata mata tana gaya mini da Larabci mai daɗi cewa wayar a kashe take. Har na tsani muryar baiwar Allahn nan, alhali ba ta yi mini komai ba.

Wata rana na gaji na tsaya a bakin titi, sai wata mota ta ci burki, direban ya leƙo yana kira, "Guba! Guba!" Na ja da baya, na ce wannan wane irin talla ne, mutum yana cikin damuwa ana yi masa tayin guba. Wani fasinja ne ya nuna mini allon hanya, ashe Ƙuba yake nufi. A nan na gane cewa mutanen garin nan ba sa furta ƙ ɗin da malaminmu na Islamiyya ya sha zane mu a kanta, g suke mayar da ita. Ƙahwa ta zama gahwa, ƙalbi ya zama galb. Na ji daɗin wannan ganowa ƙwarai, na riƙa jin kaina kamar na haddace Larabcin Hijaz. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne, amma a ranar ban san da ni ake ba.

Na shiga motar. A harabar masallacin Ƙuba, bayan la'asar, na sake gwada lambar, matar nan ta sake magana. Ban san na ɗaga murya ba, sai ji na yi na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Abu Bukra!"

"Wa ya taɓa ka, ɗana?"

Na waiwaya. Wani tsoho ne baƙi, dogo, da farin gemu da zaren ɗinki maƙale a hannun rigarsa. Hausar da na ji daga bakinsa ta sa idona ya kawo ruwa, don rabona da jin ta ido da ido tun a jirgi.

"Ta'al, zo mu sha shayi," in ji shi. "Mushkila ba ta kashe namiji, yunwa ce ke kashe shi."

Shi ne Baba Haruna, tela. Iyayensa sun taso da shi daga Cadi yana goye, suka yi aikin Hajji, suka zauna. Bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausarsa irin ta kakanninmu ce, sai dai ta sha Larabci ta ƙoshi. Ya saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce in je in kwaso kayana. Yana da ɗan ɗaki a saman gidansa a Ranuna, inda yake ajiye tsofaffin kekunan ɗinki. Na ce ba ni da abin biya. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Na tambaye ka?"

A gidan na san ɗansa Muhannad, wanda ban girme shi da yawa ba. A Madina aka haife shi. Duk abin da ka faɗa da Hausa yana ji, har habaici, amma amsa sai da Larabci, kuma irin na samarin gari, mai gudu kamar ana kora shi. Shi ne mai kula da ma'aikata a wani gidan wasan bolin da ke cikin wani katafaren kanti. Ni a lokacin ban san mene ne bolin ba, ban kuma damu in sani ba. Yana fita da rana tsaka, ya dawo kowa ya kwanta, saboda haka ba mu cika haɗuwa ba.

Ranar da abin ya faru muna zaune mu uku a kan farantin shinkafa bayan azahar. Baba Haruna ya ce, "Muhannad, duba wa ɗan'uwanka lamarin iƙamarsa a jawwal ɗinka, mu san inda aka kwana."

Ya goge hannu, ya karɓi katina, ya yi 'yan latse-latse a wayarsa. Na ga ya ɓata fuska, ya yi ɗan fito.

"Uff. Ash-sharika rahat gatar, ya Muhandis," in ji shi. "Wa inta ma'aha."

Kafin in buɗe baki abokinsa ya danna masa ham a waje. Ya miƙe yana sa takalmi, ya ce, "La tishil hamm, ana adabbirha," wato kada in damu, zai san yadda zai yi. Ya fice.

Na zauna ina jujjuya maganar. Muhandis dai ni ne, injiniya. Sharika, kamfani. Rahat, ya tafi. Wa inta ma'aha, kai ma da kai. Saura gatar. Sai ƙwaƙwalwata ta yi wal: in Ƙuba ce Guba, ai Gatar ita ce Ƙatar! Na dubi Baba Haruna, na ga shi ma idonsa ya buɗe.

"Gatar fa ya ce?" in ji tsohon. "Masha Allah! Shi ya sa suka rufe maktab, ashe ƙaura suka yi. Ɗana, Allah ya yanke maka wahala. Can fa ko mai gadi da sayyararsa, motar kansa, yake zuwa aiki."

Komai ya zauna daidai a kaina. Ofis a rufe, sun tashi. Wayar Abu Bukra a kashe, ya canza layi. Har ɓata fuskar da Muhannad ya yi na samo mata fassara, na ce a raina hassada ce irin ta ɗan gida da ya ga baƙo zai wuce shi. Allah ya yafe mini wannan.

Ko hannu ban wanke ba na hau sama na kira Murja. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Injiniya, Madina fa muka yi da kai."

"Ke dai ba ki da hange. Daga can zuwa nan ai kamar Funtuwa da Kano ne a jirgi. Duk lokacin da kika ga dama sai mu zo ziyara."

"To ga shi hedimasta ya ce duk mai son ci gaba da koyarwa a sabuwar shekara ya sa hannu cikin makon nan. In sa?"

"Ki ajiye musu allinsu."

"Ka tabbata dai?"

"Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba."

Kwanakin da suka biyo baya ma ban zauna ba, sai dai wannan karon murna ce ta hana ni. In hau sama, in sauko, in leƙa shagon Baba, in koma. Na cika wayata da hotunan dogayen benayen Doha. Na wanke kayana na ninke, na kwance, na sake ninkewa. Har ofishin na koma, na tsaya gaban ƙofar ƙarfen ina murmushi, mai shagon kusa yana kallona. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi, in ce ga kiran tikiti. Sau ɗaya na ci karo da Muhannad a matakala, na riƙe hannunsa na ce Allah ya saka masa da alheri, ya faranta mini rai. Ya yi murmushi ya ce tukuna dai, in bari a gama. Kowannenmu ya wuce yana ganin ya fahimci ɗan'uwansa.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Gum, ya Muhandis. Ta'al ma'aya." Na tashi na bi shi, a zatona wani ofishin za mu.

Gidan wasan ya kai ni. Da safe ne, ba kowa sai mai shara. Wuri ne mai faɗi da sanyi, an shimfiɗa dogayen layukan katako masu sheƙi, a ƙarshen kowanne an jera wasu fararen abubuwa guda goma masu siffar kwalabe. Muhannad ya zagaya da ni baya ta wata 'yar ƙofa. A can na ga abin da ya sa zuciyata ta buga: injina jere, kowane layi da nasa, masu kwashe kwalaben da suka faɗi su sake jera su, da bel mai mayar da ƙwallo wurin mai jifa. Warin giris ya daki hancina. Rabona da tsayawa gaban injin kirki har na manta.

Ɗaya daga cikin injinan ya tsaya cak, makanikinsu kuma ya koma ƙasarsu. Na cire agogo na shiga. Ba wani abu ba ne, bel ne ya saki, wani ɗan ƙarfe kuma ya goce yana riƙe hannun da ke sauke kwalaben. Kafin azahar injin yana juyi lafiya lau. Na fito da baƙin mai har gwiwar hannu, raina fari tas.

Mudir ɗin wurin, wato manajan, wani kakkauran mutumin Madina mai carbi, ya kira ni ofishinsa. Muhannad ya gabatar da ni, sai aka kira shi karɓar kaya a ƙasa, ya bar mu mu biyu. Mudir ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce yana neman makaniki. Akwai wani ɗan Filifin da ya san aikin, yana jiran amsa a yau, amma Muhannad ya tsaya mini, ga shi kuma ya ga hannuna. In na yarda, zai mayar da iƙamata ƙarƙashinsu, da sana'ata yadda take, fanni, har da wurin zama na mai iyali.

Na gyara zama. Na tattaro duk Larabcin Islamiyyar da nake da shi, na fitar da ƙ ɗina daga maƙogwaro yadda malam ya koya mana, na ce, "Shukran jazilan. Ana musafirun ila Ƙatar." Wato na gode ƙwarai, ni Ƙatar zan tafi.

Ya ɗaga gira. Ya ce, "Masha Allah. Allah yiwaffigak." A gabana ya ɗauki waya ya kira ɗan Filifin ɗin ya ce ya zo gobe da takardunsa. Ya sa aka kawo mini abinci, ya ce in zauna in ga yadda ake wasan in mutane sun zo. Na ci na ƙoshi, har ina tausaya masa da ya rasa ma'aikaci irina.

Bayan la'asar wurin ya cika. Samari da 'yan mata, iyaye da yara, kowa ya cire takalminsa ya karɓi na wurin. Na samu kujera na zauna ina kaɗa ƙafa. Wasan ba wuya a gane shi: ka zura yatsu a hudojin wata ƙwallo mai nauyi, ka gangara ta kan katakon, ta je ta watsa kwalaben. Wanda ya zubar da su duka a jifa ɗaya sai a yi ta ihu ana tafawa.

Sai wani saurayi mai ƙiba ya taso da ƙarfinsa, ya yi wani salo, ya saki ƙwallo. Ta yi rabin hanya, ta karkace, ta zame cikin wani dogon kwari da ke gefen layin, ta bi shi sululu har ƙarshe. Kwalaben nan goma suna tsaye ƙyam. Abokansa suka fashe da dariya.

"Gatar! Gatar!"

Na waiga ina murmushi, ina neman mai zancen ƙasar da za ni. Ba wanda ya dube ni, kowa yatsansa na nuna kwarin. A layin da ke kusa wata yarinya ta jefa tata, ita ma ta zame gefe, ƙawayenta suka ce, "Gatar!" Ƙafata ta daina kaɗawa.

Na tashi na sami Muhannad a wurin takalma. Na nuna masa kwarin, na ce, "Mene ne sunan wancan?"

"Gatar." Ya ga ban motsa ba, sai ya yi mini bayani da Larabci da hannu. Kalmar Turanci ce, tare da wasan ta zo. In ƙwallo ta faɗa ciki, shi ke nan, ba ta fitowa, ba ta taɓa ko kwalba ɗaya, a rubuta maka sifiri. Jifar ma sunanta gatar.

"Kwata," na ce.

"Aiwa! Kwata!" Ya yi dariya, ya ji daɗin na gane.

"Muhannad, kamfanina fa? Ina ka ce ya tafi?"

Ya ce ai ya gaya mini, gatar. An dakatar da kamfanin, ba ya iya sabunta wa kowa iƙama, mai shi ma ba a san inda yake ba. Shi ya sa ya yi ta bin Mudir har ya yarda ya gan ni. Ya tambaye ni, cikin fara'a, yaushe za mu sa hannu.

Na gaya masa abin da na faɗa wa Mudir. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba. Ya jefar da takalmin da ke hannunsa, ya ja ni muka hau ofis da gudu. Ya yi ta magana, yana rantsuwa, yana nuna ni. Da Mudir ya gane abin da ya faru sai da dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne ta da tari, na kuma gode masa da hakan. Amma ya girgiza kai. Ya riga ya ba wancan mutumin magana, shi kuma ya ajiye aikinsa na da saboda ita, ba zai zalunce shi ba. Gurbin fanni ɗaya ne. Abin da ya rage sai na amil: fesa wa takalma magani, goge ƙwallaye, miƙa wa makaniki sifana. In ina so, in zo kafin iƙamata ta mutu. Na saki reshe na kama ganye, ganyen ma na hoto.

A mota na sauke wa Muhannad duk abin da ke cikina. Na ce, "Kai da kake jin Hausa kamar jakin Kano, me ya hana ka faɗa mini da Hausa? Rayuwar mutum ce fa, ka ɗauke ta ka yi mini zancen 'yan wasa!"

Ya ce wallahi kowa haka yake faɗa. Wanda ya faɗi jarrabawa, gatar. Wanda aka hana shi aure, gatar. Shinkafa ta ƙone, gatar. Ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, gatar. Bai taɓa kawowa a ransa akwai wanda zai ji wani abu daban ba. Ni kuwa na ci gaba da faɗa, don na san in na yi shiru da kaina zan koma yi. Ya bar ni har na gaji. Da muka tsaya a danja, yana kallon gaba, ya haɗo kalmomi da ƙyar ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ne... na ɓata maka." Ran nan na fara jin Hausa a bakinsa, sai kunya ta kama ni, na juya ina kallon taga.

Baba Haruna da ya ji, ya ajiye almakashi ya yi salati. "Ni ma tsohon banza na taya ka. Shekara nawa ina cikinsu, ashe ban san yaren ɗana ba." Na ce masa ba laifinsa, shi alheri ya so mini. Ya tura mini shayi, ban iya sha ba.

Bayan magariba na hau sama da waya a hannu. Na zagaya ɗan filin nan ban san adadi ba, in latsa lambar in kashe. Tsoro nake ji, tsoro sosai, fiye da ranar da aka kore mu daga Sih. A ƙarshe na bar ta ta shiga.

Can gida rana ba ta faɗi ba, ina jiyo kaji da muryoyin mata. Murja ta ɗauka da murna. "Injiniya! Yanzu nake shirin kiranka. Fasfona ya fito, yau na karɓo. Ga ni a wurin Inna, tun safe ake shigowa yi mana barka."

Na ce ta matsa inda ba kowa. Na gaya mata komai, tun daga farantin shinkafa har ofishin Mudir, ban rage ba. Na ce zaɓi biyu ne: in tattaro in dawo hannu rabbana, ko in zauna a matsayin lebura, wanda ba shi da ikon kawo ta.



"An riga an ɗauki wata a ajina," in ji ta a hankali.

"Na sani. Ni na jawo."

Sannan ta ce, "A wasan nan naku, wanda ƙwallonsa ta faɗa kwata, korarsa ake yi?"

"A'a. Na ga ana ba shi jifa ta biyu."

"To ka tsaya ka yi ta biyun. Ni gobe zan je in roƙi hedimasta, ko ajin 'yan raino ne ya ba ni."

Ba ta jira amsata ba, ta ce sai anjima, amma ba ta kashe wayar daidai ba. Na ji takunta ta koma tsakar gida, na ji Inna tana tambaya me na ce. Murja ta gyara murya ta ce, "Yana gaishe ki, Inna. Tafiyar ce aka ɗan ɗaga." A kan kalmar ƙarshe muryar ta karye, sai ta rufe da tari.

Washegari na je na sa hannu. Yanzu ni ke fesa takalma, ni ke ɗaga wa yara ƙarafan da ke tare gefen layi don kada ƙwallonsu ta faɗa, manya kuwa ba a ɗaga musu. Ɗan Filifin ɗin mutumin kirki ne, in aiki ya yi yawa yakan bar mini injin ɗaya ko biyu, Mudir kuma ya ce in gurbi ya samu ba zai manta da ni ba. Kowane dare na aiki sai na ji an yi ihun kalmar nan a bayana, har yau kuma sai gabana ya faɗi. Murja tana koyar da 'yan raino. Kwanan baya ta ce mini fasfon nata ya kusa ƙarewa, ko hatimi ɗaya babu a cikinsa, ta tambaye ni ko ta sabunta.

Na ce mata ban sani ba tukuna.